Shewar 'Yan Kallo Ba Ta Cika Rumbu

Ɗana, ranar 4 ga watan Mayun 2012 Rashidi Yekini ya rasu a birnin Ibadan yana da shekara 48 a duniya. Kai da ke buga tamola kowace yamma a filin unguwarku nan Dogon Dutsi, mai yiwuwa lokacin ko lakwal ba a sa ka ba. To ka tambayi mahaifinka, ko wani baffanka da ya yi samartakarsa wajen 1994, ka ga yadda fuskarsa za ta sake da jin sunan. Mu mutanen Arewa, da iyakar Najeriya ta fi Yamai kusa da mu, ba mu taɓa ɗaukar Yekini bare ba. A Kaduna aka haife shi ranar 23 ga Oktoban 1963, can ya tashi da Hausa a bakinsa, ko da yake asalin iyayensa Yarbawa ne na garin Ira a jihar Kwara.

Da ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara. Ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, ya yi Abiola Babes, ya yi Africa Sports ta Abijan, a 1990 kuma ya haye teku zuwa Vitória Setúbal ta ƙasar Fotugal. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko da ya taka wannan matsayi. Da shekara ta zagayo ya zura ƙwallo 5 a Tunisiya, Najeriya ta ɗauko kofin Afirka, kuma a kakar nan ba wanda ya kai shi ci a babbar gasar Fotugal, inda ya jefa 21. Sai ranar 21 ga Yunin 1994, a birnin Dallas na Amurka, ana karawa da Bulgeriya. Finidi George ya miƙo masa ita daga dama, ya tura ta cikin raga, ya bi bayanta da gudu, ya zura hannuwansa biyu ta ramukan ragar ya damƙe, yana jijjiga ta yana ihu, hawaye na zuba. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar kofin duniya. Mu da muka raba dare a gaban talabijin ɗaya tilo ta unguwa, ihunmu sai da ya tada masu barci. Kafin ya bar buga wa ƙasarsa, ƙwallo 37 ya ci mata.

Bayan ya ajiye wasa wajen 2005 sai ya koma Ibadan ya zauna. Daga nan labarinsa ya soma yin ƙasa. Jaridun Najeriya sun yi ta ruwaito cewa ya janye jikinsa daga mutane, yana zaune shi kaɗai, ba ya son taro, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiyar da ta taɓa masa kwanciyar hankali. Ban ɗauko maganar don tonon asirin mamaci ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Abin da ya biyo bayan rasuwar ne ya tsaya mini a rai. Ranar da labari ya fita gidajen rediyo suka cika da yabo, manya suka yi ta aiko da saƙon ta'aziyya, talabijin na ta maimaita hoton ragar nan. A 2019, ranar da zai cika shekara 56 da yana raye, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko. Duk ya cancanta. Sai dai wanda aka yi dominsa yana kwance a Ira, bai ji ko ɗaya ba. Ihu bayan hari ke nan, kuma mu ma nan ba mu tsira daga wannan hali ba.

Na yi shekaru ina koyarwa a ƙasar nan tamu, ina raka 'yan makaranta wasa a bayan a-kori-kura zuwa Matankari, Kieshe, Kore Mairuwa, har Tibiri da Gesheme. Cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai wani da har yau ban ga ƙafar hagu irin tasa ba. Ba zan kama sunansa ba, iyalinsa na nan da rai. Ba ya sa takalmi sai ranar babban wasa, shi ma na aro, amma in ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili sai ka ga na zaune sun miƙe, masu sayar da gyaɗa sun sauke tire. Ranar da ya ciyo wa kolejinsu kofin 'yan makaranta, a kafaɗa aka ɗauko shi daga fili har ƙofar gidansu, ƙura ta turnuƙe titi, mata na rangaɗa guɗa ta saman katanga. Saura shekara guda ya zauna jarrabawar birbe, wani ya zo ya ce masa wata ƙungiya a birni na son sa. Mahaifinsa ya ƙi, mu malamai muka yi iya maganarmu, abokai kuwa suka ce masa karatu ba ya gudu, sa'a ce ke gudu. Ya tafi.

Ya yi 'yan shekaru ana jin sunansa a rediyo jefi-jefi. Sai wata rana aka take masa gwiwa. Ba kwantiragi a rubuce, ba inshora, ba wanda ya ɗauki nauyin aikin da likita ya ce sai an yi. Aka kai shi wajen mai ɗori, kumburi ya saɓe, gudu bai dawo ba. Ya komo gida yana ɗingishi, ba takarda ba sana'a, ga kunyar haɗa ido da waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa. Ya yi kabu-kabu da babur ɗin wani, ya yi lodi a tasha, ya je bida ya dawo hannu rabbana. Ciwon da ya kwantar da shi a ƙarshe ya daɗe yana cin sa, amma yawancin mutanen gari ba su san yana kwance ba sai da aka yi shelar rasuwarsa a masallaci.

Jana'izarsa ta yi jama'a ƙwarai. Kafin a yi masa salla wansa ya miƙe ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su. A zaman makoki, bisa tabarmi a ƙofar gida, kowa da ƙwallon da yake tunawa, wannan ya kawo wadda ya ci da ka, wancan ya kawo wadda ya ɗaɗa daga tsakiyar fili. Aka fito da kwalin kayansa: riga mai lamba goma da ta koɗe, hoton ƙungiya guda ɗaya da ruwa ya ci gefensa, da ɗan ƙaramin kofi da ya yi tsatsa. Yaron da ke kewayawa da buta yana ba masu gaisuwa ruwa babban ɗansa ne, an riga an cire shi daga makaranta don gidan na bukatar abin da yake samowa a kasuwa. Cikin tsohuwar ƙungiyar tasu mutum ɗaya ne ya san hanyar ɗakinsa lokacin jinya, mai tsaron gidansu, yaron da ba a taɓa yi wa guɗa ba, wanda ya tsaya ya ƙare karatu ya zama malamin asibiti. Shi ke kawo masa magani, shi ke zama da shi bayan isha'i.

Kada ka ce Baba na so ya raba ka da ƙwallo. Ka buga, ɗana, ka buga da duk zuciyarka. Ƙwallo ta raba yara da yawa da zaman kashe wando. Tana koya wa mutum sammako, da jin maganar na gaba, da haƙuri ranar da aka cinye shi, da miƙa wa ɗan'uwa in ya fi shi kyan wuri. Ina tune da ranar da ƙungiyar ƙasarmu, Mena, ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a Yamai, cikin Oktoban 2010, da ƙwallon Musa Ma'azu, ina kuma tune da yadda ƙasar nan ta zama uwa ɗaya uba ɗaya da koci Haruna Dula ya kai mu kofin Afirka karon farko a 2012. Abin da ke iya yin haka ba abin rainawa ba ne. Abin da nake so ka riƙe kawai shi ne, shekarun ƙafa kaɗan ne. Ko wanda Allah ya tsare daga rauni, in ya haura talatin sai jiki ya fara yi masa sallama. Ƙwallo damina ce, watanni uku zuwa huɗu, sauran shekara kuwa abin da ka zuba a rumbu shi za ka ci, kuma kowane ɗan Arewa ya san makomar wanda ya cinye geronsa tun yana tumu. Ka ƙirga filayen da ake buga tamola a yammacin yau daga Dan Kasari har Dumega, ka haɗa da na Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan ka tuna mutum goma sha ɗaya ne ke shiga fili da rigar Mena. Sauran dubban nan duka sai sun ci abinci, sai sun yi aure, sai sun riƙe iyaye.

Masu ce maka boko da ƙwallo ba sa zama jaka ɗaya ba su bi tarihi ba. Samuel Okwaraji karatun lauya ya yi a birnin Rum na Italiya har digiri na biyu, yana kuma buga wa ƙungiyoyin Turai da ƙasarsa Najeriya. Adokiye Amiesimaka yana ɗalibin lauya a jami'ar Legas ya fara sa rigar ƙasa, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a 1980, daga baya ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas. George Weah, gwarzon duniya na 1995, da ya nemi shugabancin Laberiya a 2005 abokan hamayya sun yi ta goranta masa rashin karatu, kuma ya faɗi zaɓen. Bai ji kunyar komawa aji da girmansa ba, ya samu digiri a Amurka a 2011, a 2018 aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Ko ka samu ƙungiyar da kake mafarki, kwantiragi da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta shi, kuma wanda bai iya karatu ba abin da aka faɗa masa yake sa wa hannu, ba abin da ke cikin takarda ba. Don haka ka riƙe birbe ɗinka, in da hali ka kai bak. In kuwa kanka ba na aji ba ne, wannan ba abin kunya ba ne, sai dai kada safiyarka ta tafi a banza kana jiran wasan yamma. Ga walda, ga ɗinki, ga gyaran babur da na salula, ga lambunan bakin tafki inda mutanen garin nan ke fitar da dankalin turawa buhu-buhu a lokacin sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata shawara da za a kawo maka a asirce, wataƙila ma wanda kake ganin girmansa ne zai kawo ta: a sake maka takardar haihuwa, a zaftare shekara uku ko huɗu don ka shiga cikin 'yan ƙasa da sha bakwai. Za a ce maka kowa haka yake yi. Ka tuna abin da ya same mu a 2009 a Aljeriya. Yaranmu sun tsallake zagayen farko na gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17, ga tikitin kofin duniya a hannu, sai aka kore mu saboda shekarun ɗan wasa, aka ba Malawi gurbinmu. Gumin yara duka ya tafi a banza. Yanzu ma ba takarda kaɗai ake dubawa ba, na'urar asibiti ake sa wa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu, kuma Kamaru ta taɓa sallamar yara 21 cikin 30 da ta tara bayan irin wannan awo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ko ba a kama ka ba, ka bar kanka da takardu biyu masu ƙaryata juna, na makaranta da na ƙwallo, ranar neman aiki ko fasfo sai ka rasa wanda za ka nuna. A 2017 yaranmu sun je kofin duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa, suka shiga zagaye na biyu. Irin wannan tafiyar nake yi maka fata.

Ɗan'uwan mai rage shekaru shi ne dillalin da zai turo maka saƙo ta WhatsApp ko Facebook, da hotonsa rungume da wani shahararren ɗan wasa, ya ce akwai gwaji a Turkiyya ko Maroko ko Dubai, a turo kuɗin biza da na jirgi. Na san gidajen da aka sayar da shanun huɗa, har da gonar gado, saboda irin wannan saƙo. Wasu yaran ba su ma bar Yamai ba lambar ta daina shiga. Wasu an kai su an zube su a masauki a ƙasar da ba su jin yarenta, biza ta ƙare, kunya ta hana su kiran gida. Ka san wannan: dokar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ba da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan ba. Ahmed Musa kansa, bayan ya fi kowa ci a gasar Najeriya da rigar Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Musa Ma'azu a AS FAN ta Yamai aka gan shi, daga nan ya tafi Lokeren ta Beljiyam, sannan CSKA ta Mosko. Dukansu a gida suka fara nuna kansu, a gaban jama'a. Ƙungiyar gaskiya takardar gayyata take rubutowa, wadda za ka iya kai wa hukumar FENIFOOT ta duba maka, kuma ita ke ɗaukar nauyin wanda take so. Duk wanda ya ce mahaifinka ya sayar da kadara kafin a ga ƙafarka, kadarar yake so. Ka nuna wa wani babba saƙon tun kafin ka amsa.

Yanzu bari in daɗe a kan maganar da ta fi damuna, maganar jiki. Okwarajin nan da na ambata maka, ranar 12 ga Agustan 1989 a babban filin Surulere na Legas, ana wasan neman shiga kofin duniya da Angola, ya yanke jiki ya faɗi a minti na 77 bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta yi girman da ya wuce ƙa'ida, ga hawan jini. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yunin 2003, ana wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi, yana da shekara 28. Nan kusa da mu, ranar 8 ga Maris 2020 a garin Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi, kuma ya rasu. Sai ka dubi Christian Eriksen na Denmak. Ranar 12 ga Yunin 2021 zuciyarsa ta tsaya a fili a idon duniya, nan take masu agaji suka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar da ke tada zuciya, ya farfaɗo, bayan wata takwas ya koma wasa. Ajali in ya zo ba mai tare shi, wannan imaninmu ne ba ma ja. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya umurce mu da neman magani da ɗaukar mataki.

To ga matakin. In ka taɓa suma kana cikin gudu, ko ƙirjinka na ɗaurewa, ko numfashinka na yankewa tun abokanka ba su fara haki ba, ko zuciyarka na bugawa barkatai, ko a danginku an taɓa samun matashin da ya faɗi ya mutu ba tare da jinya ba, ka je asibiti a auna ka kafin ka sake shiga fili. Kada ka ɓoye wa koci don tsoron ya ajiye ka a benci. Benci na mako biyu ya fi a ɗauke ka a makara. Kada ka buga da zazzaɓi a jikinka, musamman na cizon sauro da ke addabarmu cikin damina, daidai lokacin da gasar hutu ke kankama. A watannin Afirilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura awo 40, ku bari rana ta yi sanyi, ku ajiye jarkar ruwa a bakin fili. In kuma wani ya faɗi ba tare da an buge shi ba, na sha ganin abin da ake yi: a yi masa rumfa har iska ta daina shiga, wani na sheƙa masa ruwa, wani na neman cokali ya cusa masa a baki, wani na ɗaga ƙafafu. Duk wannan ɓata lokaci ne, kuma mintocin farko su ne komai. Ku buɗe wuri. Mutum ɗaya ya duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti guda, in wannan ya gaji wani ya karɓa, ba tsayawa har a danƙa shi hannun likita. 'Yan agajin Kuruwa Ruj na koyar da wannan, kuma yini ɗaya ya isa mutum ya iya.

Ƙwayar tramol ma ta shigo filayenmu, ba sai na ɓoye ba. Ana ce muku tana ƙara gudu tana kashe gajiya. Abin da take yi shi ne ta rufe bakin ciwo, shi kuwa ciwo ɗan aike ne, ya zo ne ya gaya maka wani wuri ya ɓaci. In ka toshe masa baki ka ci gaba da gudu a kan gwiwar da ta tsage, ranar da ƙwayar ta sake ka sai ka tarar ɓarnar ta ninka. Tana sa wasu faɗuwa suna shure-shure, kuma wanda ta kama da wuya take sakinsa.

In Allah ya buɗa maka, suna ya fito, kuɗi suka fara shigowa, abokai za su yi maka yawa har ka rasa wurin zama a ɗakinka. Ka lura da waɗanda suka san ka tun kana buga ƙwallon tsumma, su ne za su iya ce maka ka yi kuskure. Kuɗin farko ka mai da su abin da ba ya tsufa da ƙafa: fili, gona, dabba, shago, karatun ƙannenka. Sadio Mané ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali na Senegal, Ahmed Musa ya gina cibiyar wasanni a Kano. Naka ko bai kai nasu ba, buhun gero da ka sauke a gidanku da ziyarar da ka kai wa gwaggonka suna cikin abin da za ka tarar ranar da 'yan kallo suka koma yi wa wani shewa. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa Allah ya ba ka ƙafa.

Ke ma 'yata, da ke gudu ko ƙwallon hannu ko ta ƙafa a makarantarku, duk abin da na faɗa ya shafe ki, har ma ya fi, domin ke filin da ake ba ki ya fi nasu ƙunci. Ki riƙe karatunki da hannu biyu. In kuma wanki ko ƙanenki ne ɗan wasan, sau da yawa ke za ki fara ganin ya canza kafin kowa ya gani. Ki faɗa wa na gaba.

Canjin da nake nufi shi ne wanda ke samun mutum bayan an daina kiran sunansa. Wanda ya saba in ya ratsa kasuwa yara na bin sa, yau ya wuce ba mai ɗaga kai, akwai wani nauyi da ke sauka a zuciyarsa wanda ba ya iya faɗa wa kowa. Za ka ga ya daina zuwa fada shan shayi, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ya fara salla a ɗaki, in an yi sallama ya ce a ce ba ya nan. Mu kuma sai mu ce girman kai ne, ko mu ce ya taɓu, mu ja jiki. A daidai nan ne ya fi bukatar mutane. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana yi masa addu'a ana kuma kai shi asibiti, yana da magani. Ko ya rufe ƙofa ka koma gobe, ka koma jibi.

Mu a Nijar mun iya karrama suna, ba laifi. Filin kokawar Maraɗi na ɗauke da sunan Yakuba Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, na Doso na ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Abu ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka yi tunaninsa. Amma ka tambayi 'yan fadarku wane ne Isaka Dabore. Shi ne ɗan damben da ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olimfik na Munik a 1972, lambarmu ta farko, wadda sai da ƙasar nan ta jira shekara 44 kafin Abdulrazak Alfaga ya kawo ta biyu daga Riyo a 2016. Dabore ya rasu a Disambar 2021. In mutum irin wannan zai iya shuɗewa yara ba su san shi ba, ina ga tsohon ɗan wasan kolejin da ke zaune a lungunku yana jan carbi? A kowace unguwa ta garin nan akwai su, waɗanda suka buga wa makarantu da samariya tun ba a haife ka ba, da tsofaffin 'yan kokawa da suka yi tashe a ƙauyukan Arewa bayan girbi. Wasu gwiwa ta hana su fita, wasu ido ya yi rauni. Sun san dabarun da ba za ka gani a salula ba, sun kuma san ramukan da suka faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.

Babban hutu na tafe, za ku shirya gasar unguwanni kamar yadda kuka saba. Ina roƙonku, kafin ku sayi kofi da riguna, ku ware wani abu daga kuɗin da kowace ƙungiya ke zubawa ya zama asusun wanda ya ji rauni. Ku tura mutum biyu daga kowace ƙungiya su koyo agajin gaggawa. Ku yi magana da mai mota guda ya riƙa tsayawa a bakin fili da mai a tankinsa har a tashi. Kada ku sa sunan yaron da ya gudu daga aji ko daga wurin sana'a sai ya koma. Sannan ku zauna ku rubuta sunayen tsofaffin 'yan wasan unguwarku da ke raye, ku bi su gida-gida da 'yar gaisuwarku, ku kunna salula ku ɗauki labarinsu daga bakinsu, ku tambayi abin da ke damunsu. Ranar buɗe gasa kada ku aika musu yaro da takarda, ku je da kanku ku ɗauko su, ku ba su kujerun gaba. Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku ƙafafunku.